Wankan da Madubin Taurari Ya Katse

Ku matso kusa, ku ja tabarma, wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce. In na faɗe ta a tsakar gida, mata za su ce ina baƙin ciki da ci gaban 'yar cikina, ni kuwa Allah ya sani ba haka ba ne. Abin da na tsana wani madubi ne. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Yana can kan wani dutse a ƙasar Chile, inda aka ce ko ciyawa ba ta yarda ta fito, a cikin wani gini mai rufi kamar ƙwarya a kife, suna kallon taurari da shi. Amma da zan same shi a gabana ina riƙe da taɓarya, to sai dai a kai ni gaban alƙali.

Mu Hausawan Omdurman ne. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga yamma za su Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Yau Larabci ya cinye bakin yaranmu, kisra muke ci fiye da tuwo, tob muke yafawa kamar kowace mace a garin. Amma akwai abu biyu da gidanmu bai saki ba: kunyar ɗan fari da wankan jego. Na farkon ne ya karɓe mini 'yata. Na biyun ne ya kamata ya maido mini da ita.

Ita ce ta fari, kuma ita kaɗai ce mace, bayanta maza ne reras. Ranar da aka yaye ta, uwar mijina ta zo ta saɓa ta a kafaɗa ta wuce da ita ɗakinta, can ƙarshen gida kusa da bishiyar lemun tsami. Gida ɗaya muke, ƙofa ɗaya muke fita, amma ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, ba na yi mata dariya a gaban mutane. In ta faɗi ta fasa gwiwa ina tankaɗe, sai in ƙara wa tankaɗen ƙarfi har wata ta zo ta ɗaga ta. "Yaya" ta tashi tana ce mini, yadda ta ji ƙannen mijina suna faɗa. Da ta shiga makaranta ta koma "Yumma" irin na Larabawa, shi ma sai in ya zama dole.

Wata rana mahaifiyata ta same ni ina leƙen yarinyar ta taga, ana yi mata kitso. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ki bari ta haihu. Har ɗaki za a kawo miki ita, ki wanke ta da hannunki, ki ba ta abinci a baki in kin so. Kwana arba'in babu mai cewa kin yi rashin kunya. Ni ma a nan na san ki." Na ɗauki maganar nan na ajiye inda ba wanda zai gani.

Yarinya kuwa ta yi ta karatu kamar an yi mata baki. Ta gama nan, ta ƙetara jami'a a Khartoum, ta auri wani yaro namu ɗan Aljirif, mai ladabi, ba ya haɗa ido da ni, suka tafi ƙasar waje tare. Mahaifinta ya rasu tana can. Uwar mijina ta rasu tana can. Shekara na bin shekara, ko ɓatan wata babu, har na fara cire rai. Ran nan sai ga saƙo ta bakin Gwaggo, yayar mijina da muke zaune gida ɗaya, ita ce kuma ake aiko wa duk maganar da ba a iya faɗa mini kai tsaye: akwai ciki, kuma gida za ta zo ta haihu.

Wannan duk kafin harbe-harben da suka watsa unguwarmu ne. Ni da ba na son fita ko ƙofar gida, da ƙafata na je kasuwar Suk al-Shabi na zaɓo rabin ganga sabuwa, na sa aka ƙone ta aka wanke. Na sayo gero, kanwa, citta, kanumfari. Wani ƙanin mijina mai aikin bulo a bakin kogi ya aiko da itacen bagaruwa har tuli biyu. Bishiyar nim da ke ƙofar gida, wadda tsofaffinmu ke kira darbejiya, na hana yara taɓa ganyenta.

Ta iso da ciki ya tsufa, da miji, da wata baƙar jaka da ba ta yarda kowa ya ɗauka. Kwamfuta ce a ciki. Washegari muna shan jabana, gahawar garin, a rumfa, Gwaggo ta tsare ta.

"To ke yanzu, a taƙaice, me kike yi musu a can?"

"Duniyoyi muke nema, Gwaggo."

"Wannan da Allah ya ba mu kin gama da ita ne?"

Ta yi dariya ta gyara zama. Ni ina tsinke ganyen mulukiya, wato lalo, kaina a ƙasa, kunnena a buɗe. Ta ce taurarin nan da muke gani in mun fitar da gadaje tsakar gida, kowannensu rana ne kamar tamu, nisa ne ya mai da shi ƙarami. Ta ce da yawansu suna da duniyoyi masu zagaya su, an riga an gano dubbai. Ba a ganin duniyar kanta. Sai dai in ta gifta ta gaban ranarta, hasken ya ɗan rage, kamar ƙuda ya wuce gaban fitilar da ke can ƙetaren kogi. Wannan raguwar suke aunawa. Madubin da ke kama hasken, in ji ta, ya fi rumfar nan da ɗakina faɗi in an haɗa.

"Sai ki hau tsani ki leƙa?" in ji Gwaggo.

"Ba a sa ido a jikinsa. Na'ura ce ke karɓar hasken, ta aiko mini a kwamfuta. Akwai ma'aikata a kan dutsen, ni ina gaya musu abin da za su yi daga inda nake."

"Au, ashe ba ma leƙawa kuke yi ba. To mu da muke kwana a waje mun fi ku ganinsu."

A nan ne ta faɗi maganar layi. Madubin ɗaya ne, masu so kuwa daga ko'ina a duniya. Sai ka rubuta roƙo, manya su zauna su tace, in ka yi sa'a a ba ka dare guda ko rabin dare, tun watanni kafin lokacin. Kamar layin burodi, ta ce, amma wannan in ka fita ba mai riƙe maka wuri. Ita an ba ta nata tun kafin ta san tana da ciki, daidai daren da duniyar da take bi za ta gifta. Da yake in dare ya raba a can mu nan gari ya waye, da hantsi za ta yi aikin, a ɗaki, ba sai ta je ko'ina ba.

"Kada ku damu," ta ce, ta ɗan juyo wajena ba tare da ta kalle ni ba. "Na yi lissafi. Zan yi arba'in kafin layina ya zo."

Ta san ranar da wata duniya za ta wuce gaban wata rana, har da minti. Ranar fitowar abin da ke cikinta ne ba ta sani ba. Yaro ya yi zamansa, ya wuce lokacin da likita ya faɗa da kusan mako biyu, sannan ya fito, namiji, mai kai irin na kakansa. Ban yi wani lissafi ba a lokacin. Murna nake yi.

Ina so ku san yadda kwanakin nan suka kasance, don kada ku ce tsohuwa tana kuka a kan ruwan zafi. Tun asuba nake hura wuta. Kafin rana ta hau katanga ruwa ya tafasa, na yanko rassan darbejiya masu ganye. In zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugune a bayan ɗaki, in tsoma ganyen, in yarfa mata a baya, a kafaɗu, a ƙugu, tururi ya rufe mu ba mai ganinmu. Ta yi ciniki da ni, ba ta bari ba. Ta ce likitoci sun ce ruwan kada ya yi ƙuna, na sirka. Ta ce kanwa mai yawa tana kumbura zuciya, na rage ta a kunu har Gwaggo ta ɗanɗana ta ce wannan ai koko ne. Garwashin da ake sa wa a ƙarƙashin gado ta ce a wannan zafin na bazara kashe ta zan yi, na haƙura. Duk na yarda. Abin da nake so bai shafi kanwa ba.

Ranar farko da ganyen ya sauka a bayanta ta yi ƙara, "Wayyo Inna!" Na san kowa haka yake cewa in abu ya ƙone shi. Amma ni aka faɗa wa, ni ce a tsaye a wurin. A ƙasan kafaɗarta ta hagu na ga wani tabo mai tsawon yatsa. Na tambaye ta, ta ce tun tana ƙarama ta faɗo daga katanga, ƙusa ta yanke ta. Na tuna ranar. Na ji kukan daga madafa, kakarta ce ta kai ta aka ɗinke. Ban taɓa ganin wurin ba sai ran nan. Na sa babban yatsana a kai na daɗe ina murzawa da man kaɗanya, ba ta janye ba.

Bayan wanka in kawo mata kunu da gasasshen nama mai yaji, in zauna a bakin gado ina goge yaron. Mu yi hira. Ashe surutu gare ta kamar ni. Ashe tana kwaikwayon muryar mutane kamar ni, har tafiyar Gwaggo ta iya. Ashe ba ta son albasa ɗanya. Mace ta haura talatin a duniya, ni na haife ta, sai a bayan ɗaki na san ba ta son albasa.

Saura kamar mako guda a yi arba'in, baƙar jakar ta fito. Ta ce gwaji za ta yi, jibi ne layinta. Ta zauna a kan gado da yaro a cinya, kwamfuta a kan matashi. Tana cikin magana da mutanen dutsen, fanka ta tsaya. Kahraba, wutar lantarki ke nan, ta tafi, yadda take tafiya kullum a bazara, ba sallama. Mijinta ya aro janareta a maƙwabta, wuta ta dawo, sai kuma shabaka, wato intanet, ta ƙi, muryoyin suna yankewa kamar mai shaƙuwa. Ya hau rufin ɗaki da waya a hannu yana juyi, rana tana dukansa, a banza.

Da yamma aka kira ta. Muryar wata mace ce, babba daga jin ta, da Turanci. Ba na jin Turanci, amma ina jin murya. Na san muryar mai ba da umarni, na san ta mai rarrashi. Wannan rarrashi take yi, a hankali, tana maimaita abu guda. 'Yata kuwa tana amsawa gajere-gajere, da irin sautin da take wa Gwaggo in an ce ta ƙara tuwo. Tayi ake mata, tana ƙi.

Na sa Gwaggo ta tare surukina a zaure. Ya tsuguna, ya yi ta wasa da makullin hannunsa.

"Kai ɗan nan, me matar ta ce?"

"Gaisuwa ce, Gwaggo, barka take yi."

"Barkar ce ta yi tsawon huɗuba? Faɗi gaskiya, uwarta na bayan ƙofa tana ji."

Sai ya faɗa. Shugabarta ce. Ta ce tunda tana jego, ta huta, akwai wani abokin aikinsu da zai zauna a madadinta, ba abin da zai ɓace. Ita ce ta ce a'a. Ta ce akwai wani ofis kusa da Suk al-Arabi, na abokin mijinta, mai janareta da shabaka mai ƙarfi. Can za ta je.

Suk al-Arabi a Khartoum yake. Tsakaninmu da shi akwai kogi. Mu mun zo da namu daga yamma, cewa mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in, jikinta a buɗe yake. Muka tarar da na mutanen gari, cewa ba ta ƙetare kogi sai ranar da za a kai ta bakinsa a wanke mata fuska ita da jariri. Muka haɗa biyun muka riƙe. Ko matar da ba ta da kowa, mai sayar da shayi a bakin titi, tana ƙoƙarin ta cika wannan.

A wankan la'asar na yi mata magana. Ban taɓa tsayar da ita a kan wata magana ba tunda na haife ta.

"An ce an ba ki zaɓi."

"Wa ya ce?"

"Kunnena."

Ruwa na ɗiga daga haɓarta. Sannan ta juya Larabci, yadda suke yi in suna son su fi ƙarfinka. Na ce ta yi mini Hausa, a bayan ɗakina take.

"Yumma, ba za ki gane ba. In na bar musu wannan, gobe in an zo rabon aiki za a ce a ƙyale ta, tana da jariri. Da murmushi za su faɗa, da tausayi, shi ke nan an ajiye ni. Ni na samo tauraron nan, ni na rubuta roƙon, sau biyu ana ƙi. In ya wuce sai wata shekara, in ma an sake ba ni. Kin san shekara nawa ina jira?"

"Shekara nawa kina jira," na ce. "To."

Na tsoma ganyen na ci gaba. Akwai amsa a bakina, amma ba a koya mini yadda ake faɗa wa 'yar fari irin wannan ba. Hannuna dai ya yi nauyi a ranar, har ta ce, "A hankali mana."

Ranar ta zo. Na hura wuta kamar kullum, don ba wanda ya ce kada in hura. Ruwa na tafasa ta fito daga ɗaki cikin farin tob, irin na ma'aikata, jakar a kafaɗa. Ta tatsi nono a kwalba ta ajiye a cikin randa don sanyi. Yaron dai na ce ba zai ƙetare ba ko sama za ta faɗo, ba ta yi gardama ba. Gwaggo ta ja ta gefe ta zizara mata kwalli, ta cusa mata 'yar wuƙa a jaka don tsari, tana mita.

"Za ki je neman duniyar da ba ta san da ke ba. In kin same ta ki tambaye ta ko tana da uwa."

Raksha, keken nan mai ƙafa uku, ba ta hawa kubri, gadar kogin, don haka mota mijinta ya kira har ƙofar gida. Ƙarar motar ta fito da mata. Maƙwabciyarmu ta dama, wadda ba abin da ke wuce ta, ta riƙe ƙugu.

"Lafiya? Ina zuwa da ɗanyen jego?"

"Asibiti," in ji Gwaggo da sauri. "Awo za a yi mata."

'Yata ta tsaya da ƙafa ɗaya a cikin mota. Ba ta iya ƙarya ba, kakarta ta yi mata wannan tarbiyyar, ban ce ba ta yi kyau ba.

"Ba asibiti ba ne, Khalti. Aiki za ni, zan dawo da azahar."

Har mai motar ya juyo. Ta leƙo ta taga ta ce, "Yumma, ki yi mini addu'a." Na ce a sauka lafiya, irin wadda ake wa kowane baƙo, na koma ciki.

Yaron ya ƙi kwalba. Ya yi kuka har muryarsa ta dishe, sai da cokali na dinga ɗiga masa. Ina jijjiga shi da hannu ɗaya, ina tura itace da ɗayan. Ruwa ya ƙone ya ragu, na ƙara. Ya sake raguwa, na sake ƙarawa. Rana tana tsakiyar kai, ko inuwa babu, ni kuwa ina tunanin wai a daidai wannan lokacin akwai wani wuri da dare ne, rufi ya buɗe, wani ƙaton gilashi da bai san zafin naƙuda ba ya ɗaga fuska sama, 'yata tana can tana masa hidima da nono cike da ƙirji. Na zage shi. Na zagi dutsen da yake kai, da wanda ya hau da shi. Na roƙi Allah ya aiko musu da hadari, sai na tuna an ce don babu hadari suka zaɓi wurin. Komai sun tsara, ba su bar wa mutum ko ƙofar addu'a ba.

Azahar ta wuce. Sai bayan la'asar suka shigo, wai cunkoso ya riƙe su a kubri. Gaban tob ɗinta ya jiƙe sharkaf da nono, leɓɓanta sun bushe, idanunta kuwa suna walƙiya irin wadda ban gani ba ko ranar suna. Ta fizge yaron ta sa shi a nono, da ɗaya hannun ta buɗe kwamfutar.

"Ku zo ku gani! Gwaggo, Yumma, ku zo!"

Na zo. Na ɗauka zan ga duniya, da duwatsu ko da wani abu. Zane ne. Ɗige-ɗige a jere kamar sawun tururuwa, suna tafe a miƙe, suka ɗan lotsa ƙasa, suka yi tafiya, suka hau suka ci gaba.

"Nan ta shiga, nan ta fita. Daidai lokacin da na faɗa!"

"Shi ke nan?" in ji Gwaggo. "Wannan lotsawar? Ai katifata ta fi wannan lotsawa, ba wanda ya zo kallo."

Ta yi dariya har yaron ya saki nono. Ta ce aikin yanzu ya fara. A cikin hasken nan, in ta tace shi, za ta gane abin da ke cikin iskar wannan duniyar. Abin da take fata ta samu shi ne tururin ruwa.

Tururin ruwa. Na juya na kalli bayan ɗaki, inda yake tashi tun asuba har ya baƙanta mini katanga.

"Ruwa na nan da zafinsa," na ce.

"Yumma, na gaji wallahi. Gobe."

Da goben ta zo, ta tashi da kwamfuta, abokan aikinta suna jiran abin da ta samo. Kahraba ta tafi da hantsi. Tsofaffin unguwa suka shigo, wai sun zo duba jiki, suka zauna a rumfa suna magana da ni amma da ita suke. Ɗaya ta ce wankan ya karye, sai dai a sake sabon arba'in daga farko. Zuciyata ta yi tsalle, ba zan ɓoye ba. 'Yata ta leƙo daga ɗaki ta ce, cikin ladabi, hutun da aka ba ta ba zai kai ba. Wata ta ce to ai ba amfanin ci gaba, abin da ake gudu ya riga ya shiga. Suka shanye mini jabana suka tafi.

Da yamma surukina ya tsuguna gaban Gwaggo. Gidan mahaifinsa a Aljirif, can ƙetaren kogi, akwai wutar sola, shabaka kuma tana kamawa. Kwana biyu kawai, ta gama aikin ta dawo. Na ce daga bayan ƙofa, kogi fa? Gwaggo ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa, ba ta ko tsokana.

"Ai ta riga ta ƙetare."

Yaro ba ya rabuwa da nono, don haka har shi. Na naɗe masa kayansa da hannuna.

Kwana biyun ba su ƙare ba. Aiki ya ja, aka ce ai saura kaɗan, a yi arba'in ɗin a can kawai tunda ga kogi a bayan gida. Aka aiko mini da gayyata. Gayyata, ni. Na shiga mota zuwa Suk al-Arabi, na sauka cikin hayaniya da masu kiran fasinja, na sake shiga wata, na isa a jigace. Uwar mijinta mace ce mai kirki, ba ni da abin faɗa a kanta. Ta rungume ni ta ce kada in damu, ta kula da ita, kullum tana ɗuma mata ruwa a buta ta kai mata banɗaki ta yi wankanta. A buta. Na ce Allah ya saka da alheri.

Da rana ta yi sanyi muka gangara bakin kogi ta tsakanin gonaki da matoyar bulo, hayaƙi na bin mu. Uwar mijin ce ke gaba da yaron a hannu, don daga gidanta aka fito. Ita ta ɗebi ruwan ta shafa masa a fuska, ita ta shafa wa 'yata, mata suka yi guɗa, aka watsa dabino da hatsi a ruwa. Ni ina baya cikin 'yan rakiya, riƙe da takalmana. Arba'in ta cika. Daga wannan lokacin kunya ta dawo wurinta, ba sai an gaya mini ba.

Muna hawowa ta rage tafiya har na iso ta. Fuskarta da sauran danshi. Ta yi ƙasa da murya kada a ji.

"Yumma, har yanzu fushi kike? Kin yi mini fiye da wata guda, jikina ya yi ƙarfi, kowa ya gani. Mako ɗaya ne fa kawai ya rage."

Mutane na kallo. Na gyara tob ɗina na ce ta yi sauri, ana jiranta a gaba.

Sun koma bayan 'yan kwanaki. Ta samu tururin nata, an ce, bayan ta shafe watanni tana tacewa. Ta sake haihuwa a can, mace, a asibiti, kwana biyu aka sallame ta ta yi wanka a tsaye. Ko da ta zo ma, haihuwar fari ce ake kawo wa uwa, ba a yin ta sau biyu. Muna waya, tana da kirki, tana tambayar ƙafata, ina tambayar yara. Kwanan baya take gaya mini da murna wai ana gina wani madubin a wani dutsen kusa da wancan, wanda zai ninka shi girma, zai ga abin da ba a taɓa gani ba. Na ce Allah ya kyauta. Ta ɗauka addu'a na yi.

Ita ta iya lissafi, ni ban iya ba, kuma ban ce ta yi ƙarya ba, a ƙirge haka yake. Amma ku da kuka zauna kuka ji daga farko, ku gaya mini tsakaninku da Allah: mako ɗaya ne kawai?